Ina albashinku yake tafiya a wata?

Maman Biyu, Kubwa: Salamu alaikum. Jiya na ɗauki biro na lissafa abin da muka kashe a watan da ya wuce, sai ga cefane kaɗai ya cinye fiye da rabi. Ashe ba gidana kaɗai ba ne: binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya nuna kusan kashi 57 cikin ɗari na abin da magidanta ke kashewa a abinci yake tafiya, tun ma ba a cire tallafin mai ba. Na waje, ku fa yaya?

Baban Yara, Ingila: Hajiya, mu nan haya ce dodonmu. Duk wata ake biya, albashi na shiga banki na zare ta tun ban gan shi da idona ba. Sai harajin ƙaramar hukuma, sai kuɗin gas na ɗumama ɗaki lokacin hunturu. Abinci bai kai ko rabin haya ba, in dai ba ka nace sai ka ci doya da manja ba.

Maman Biyu: Gara ku, wata-wata. Mu mai gida na shekara yake karɓa dunƙule, ga la'adar dillali. Adashe nake zubawa dominsa.

Ɗalibi a Jamus: Yaya, nan inshorar lafiya dole ce, ma'aikaci daga albashi ake yanke masa. Akwai kuma Yuro 18.36 na rediyo da talabijin a kan kowane gida duk wata. Ni ko talabijin ba ni da ita, amma wasiƙarsu ta iso ni.

Malam, Riyad: A Saudiyya baƙon ma'aikaci na biyan Riyal 400 duk wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsa. Mata ɗaya da yara uku, 1,600 ke nan. Shi ya sa na mayar da iyalina Jos, dankalin Farin Gada ya fi min sauƙi.

Direba, Mararaba: Ba wanda ya ambaci kuɗin mota da mai garuwa da man janareto. Sannan ina kason 'yan uwa? Wancan watan biki biyu, suna ɗaya, ga maganin Inna.

Baban Yara: Wannan kam har nan yake biyo mu, ɗan'uwa. Ranar 25 ga wata waya ke fara ƙara.