Ƙullin zaren fatsa yana zame mini, ku taimaka

Salamu alaikum 'yan uwa masunta. Wani abu ya tsaya mini a rai, yau kwana goma ke nan.

Ina zuwa kamun tarwaɗa a tafkin Madarunfa, kuma bana ƙanena ya kawo mini saƙaƙƙen zare daga Kano, siriri amma da ƙarfi. Tunda yana saurin gogewa a jikin itacen da ke ƙarƙashin ruwa, sai nake ɗaura masa kamu biyu na zaren roba a gaba, inda ƙugiya take. To wurin haɗin nan ne matsalar. Ranar Lahadi babbar tarwaɗa ta kama, ina ja ina ja, sai na ji hannuna ya yi sako-sako. Da na duba, zaren bai tsinke ba, ƙullin ne ya zame, bakin robar ya lanƙwashe kamar wutsiyar ɓera. Wallahi abin ya yi mini ciwo.

Na gwada a gida: na haɗa zaren biyu, na rataya musu bokiti, ina zuba ruwa lita-lita, tunda lita guda kilo guda ce. Ƙullin da ake kira uni biyu ya zame da naɗi biyar. Wani ƙullin da ake kira Albright ya fi riƙewa, amma wani lokaci saƙaƙƙen yana yanka robar, ko da na jiƙa shi da yawu kafin in matse.

Malamai, naɗi nawa kuke yi wa saƙaƙƙen? Kuma ƙullin nan da ake yabo, mai suna FG, ana iya ɗaura shi cikin kwalekwale, hannu a jiƙe? Allah ya saka da alheri.