Musayar waƙa: ANC ta Lusaka da ANC ta fada

ANC jam'iyyar Afirka ta Kudu ce da ta yaƙi mulkin wariyar launin fata daga gudun hijira a Lusaka ta Zambiya, ƙarƙashin shugabanta Oliver Tambo, kafin ta hau mulki.

Ɗan Mabera:
Sanda ANC ka kwana Lusaka,
Tambo na yawon duniya da jaka,
Mosko da Kuba su sunka riƙa,
Mulki yaz zo a 1994, ina sunka saka
Alƙawullan da sunka ɗauka?

Gwaggo Runjin Sambo:
Ɗan Mabera kai riƙon amana ba ka sani ba,
Mandela bai yada Gaddafi ba,
Ya tai Libiya 1997, Amurka ba ta so ba,
Kai ko bashin mai shayi ba ka biya ba.

Sani Gawon Nama:
Wayyo Gwaggo ta binne yaro, a kawo ruwa

Ɗan Mabera:
Gwaggo riƙe shayinki, ga lissahi,
1998 sunka ce Taiwan ta tahi,
Don Sin ga kasuwa ita taf hi,
Dalai Lama 2009 biza tag gagare shi.

Malam Na-Kwannawa:
Ɗana wanga ba waƙa ba ce, jarida ce. Ka furta 1998 da baki ka ji, alif ɗari tara da casa'in da takwas, ɗango guda ya cinye baiti dukai, kuma "shi" ba ya amsa "hi".

Ɗan Mabera:
Malam Gwaggo ma ta sa 1997 ba ku ce komi ba, ko don ita ka kawo muku fura

Malam Na-Kwannawa:
Nata ya karye a wuri guda, naka tun daga bisimilla yaka ɗingishi.

Baba Tsohon Ma'aikaci:
Ku bar Taiwan, ku zo gida mu duba,
1976 albashinmu anka yanka don su, ba mu ƙi ba,
Mbeki na ANC ya zauna Legas, bai rasa masauki ba,
Da Abacha yar rataye Saro-Wiwa 1995,
Mandela yan nemi takunkumi, bai ji kunyarmu ba.

Sani Gawon Nama:
Baba gaskiya ta fito. Har kofin Afirka na 1996 ba mu je ba saboda wanga rikici, mu ka riƙe da kofin kuma

Hajiya Mabera:
To rataya hwa daidai ce? Ku yabi Baba amma kar ku wanke abin da ba ya wankuwa.

Gwaggo Runjin Sambo:
Baba na gaishe ka, ban musa ba,
Shagunan 'yan'uwa da anka fasa can 2019 ban manta ba,
Amma wa yak kai ƙarar Isra'ila kotun Hague 2023?
Mu da muka da baki ba mu kai ba.

Malam Na-Kwannawa:
Ɗango na ukku ba amsa-amo sam, Gwaggo.

Ɗan Mabera:
Alhamdulillahi yau Malam ya gani. Amsata na nan tahe bayan la'asar, cajina ya ƙare.