Teburin tururi ya ɗaure mini kai

Ɗan aji biyu: Assalamu alaikum. Jibi muna da gwajin tamodainamiks (ilimin zafi da makamashi). An ba ni ruwa a matsin 200 kPa, kilo ɗaya yana cin 0.5 m³, aka ce in faɗi halin da yake ciki. Na buɗe teburin tururi mai ƙarin zafi (jadawalin lambobi na tururin da zafinsa ya wuce na tafasa), ban ga lambar ba. Ina na kauce?

Yaya Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Teburin cikar tafasa (na ruwa da tururin da ke daidai kan zafin tafasa) za ka fara dubawa. A 200 kPa ruwa na tafasa a 120.2°C, vf (wurin da kilo ɗaya na ruwa zalla ke ci) 0.001061 m³, vg (na kilo ɗaya na tururi zalla) 0.8858 m³. Lambarka 0.5 ta faɗa tsakaninsu, ke nan ruwa da tururi ne a gauraye. Cire vf daga 0.5, ka raba da bambancin vg da vf, x (kason tururi a cikin gaurayen) zai ba ka kusan 0.564, wato fiye da rabin nauyin ya zama tururi. Da lambarka ta wuce vg, sai ka koma inda ka fara.

'Yar Jos: Ka kula kuma, a cikin gaurayen nan matsi da zafi tafe suke tare, sanin su biyun bai isa ya fayyace halin ba. Mu nan kan tudu ruwa kan tafasa wajen 96°C saboda ƙarancin matsin iska, a nan na fara gane abin.

Ɗan aji biyu: Na gode, Yaya. Ita enthalfi (h, ma'aunin makamashin da ke cikin gaurayen) fa, da wannan x ɗin zan yi?

Yaya Injiniya: Ƙwarai, h = hf + x·hfg, inda hf ita ce enthalfin ruwa zalla, hfg kuma bambancin ta tururi zalla da ta ruwa zalla.