Da wane ma'auni ake gane cewa wata ƙwayar sanƙarau ta fi wata haɗari?

Ɗaliba daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina karatun aikin jinya a nan Damagaram, kuma an koya mana cewa ƙwayar sanƙarau iri-iri ce, akwai A da C da W da X. Ina roƙon malamai su bayyana mini yadda ake tabbatar da cewa wani iri ya fi wani muni, alhali cutar ɗaya ce.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Wa alaikumus salam, ƴata. Tsohon ma'auni shi ne a yi wa rukunonin ɓeraye allurar ƙwayar, wasu kaɗan wasu da yawa, a nemo adadin da ke kashe rabinsu. Irin da ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya yi wannan ɓarna, shi ne mafi haɗari. Haruffan nan kuwa ba ƙarfi suke nunawa ba, suna nuna irin rigar da ke lulluɓe ƙwayar, wadda ke kare ta daga garkuwar jiki. Tun 1928 Frederick Griffith ya nuna a Ingila cewa ƙwayar ciwon huhu mai riga tana kashe ɓera, marar riga ba ta kashe shi.

Likita daga Zango:
Malam ya yi gaskiya, sai dai ƙwayar sanƙarau a jikin ɗan Adam kaɗai take zama, don haka shaidar ɓera ba ta wadatar ba. Mu a asibiti yawan mace-mace muke ƙirgawa cikin waɗanda suka kamu, amma wannan lissafi ma yana da ruɗi, domin yaron da aka kawo daga ƙauye bayan kwana uku ba daidai yake da wanda ya samu allurar ceftriaxone a ranar farko ba, ko da ƙwayarsu ɗaya. Bayan rigakafin MenAfriVac na 2010 irin A ya kusa ɓacewa, sai ga C ya kwantar da dubban mutane a Nijar a 2015. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna wani sabon reshe ne na irin C da ya ɓulla a arewa maso yammacin Najeriya a 2013, ya tarar da jama'ar da ba ta da garkuwarsa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji:
Shi ya sa ake aika ruwan ƙashin bayan majinyaci zuwa CERMES, cibiyar binciken lafiya da ke Yamai, domin a gano irin ƙwayar. A ɗebe shi kafin a fara magani idan ya yiwu, amma kada a jinkirta magani saboda jiran ɗiba.