Mai uku a gabana, wanne zan ɗauka? A taimaka min da karatun bayan kwalba

Maman_Ilham

Assalamu alaikum. Masana harkar fata, a taimaka min. Hunturu ya shigo, jiki sai fari-fari da ƙaiƙayi, ga tabon ƙuraje a kumatu ya ƙi tafiya. Na farko mai araha ne, a bayansa an rubuta: Aqua, Glycerin, Petrolatum, Cetearyl Alcohol, Dimethicone, Butyrospermum Parkii Butter, Niacinamide, Phenoxyethanol, Parfum. Na biyu ya ninka shi kuɗi sau uku, an zana karas a gabansa, an ce akwai bitamin C, wai a kwana 7 za a ga haske. A bayansa: Aqua, Paraffinum Liquidum, Stearic Acid, Parfum, Phenoxyethanol, Daucus Carota Extract, Ascorbic Acid. Na uku haɗi ne da ake sayarwa a WhatsApp, cikin roba, babu rubutu ko ɗaya, amma kowa sai yabonsa yake. Wanne ya fi?

Kabiru_Famasi

Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi dabara da kika kwafo rubutun baya, don gaban kwalba talla ce kawai.

Ka'idar ita ce ana jera sinadarai daga wanda ya fi yawa zuwa wanda ya fi ƙaranci. Biyar ɗin farko su ne kusan duk abin da ke cikin man. Idan aka sauko kan waɗanda ba su haura kashi 1 cikin 100 ba, kamfani na iya jera su yadda ya ga dama. To ta ina za ki gane an iso wurin? Ki nemi Phenoxyethanol. Maganin hana mai lalacewa ne, kuma ba a zuba shi fiye da kashi 1 cikin 100. Duk abin da ya zo bayansa ɗan mitsitsi ne.

Yanzu ki duba mai na biyu. Karas ɗin da bitamin C ɗin da za ki biya kuɗi dominsu duk suna bayan Phenoxyethanol, har turare ya riga su. Bitamin C irin Ascorbic Acid sai ya kai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ake sa ran ya taɓa tabo, kuma ba ya jure zafi da iska da haske. Shi ya sa na kirki ke zuwa a ƙaramar kwalba mai duhu, in ya koma ruwan ƙasa kuwa ya mutu. Ɗan ɗigon da aka sa a babbar robar da ta sha rana a kanti ba abin da zai yi. Abin da ya rage a man galibi ruwa ne da Paraffinum Liquidum, wato wani mai ɗan'uwan basilin. Ba mugun abu ba ne, yana laushi, amma bai kai kuɗin nan ba.

Na farko an gina shi da hankali. Glycerin na jawo ruwa ya riƙe a fata. Petrolatum, wato basilin, shi ne murfi: babu abin da ya kai shi hana ruwan fata tsiyayewa. Dimethicone na sa santsi ba tare da maiƙo mai yawa ba. Dogon sunan nan Butyrospermum Parkii kuwa man kaɗanya ne, ba wani abu ba. Kada kalmar Alcohol ta tsorata ki a Cetearyl Alcohol: wani kitse ne kamar kakin zuma da ke sa mai ya yi kauri, ba ya sa maye, ba ya busar da fata. Mai busarwar shi ne Alcohol Denat, idan kin gan shi a sama-sama a lokacin sanyi ki ajiye kwalbar.

Don jiki, na farko.

Anti_Binta_Gyaran_Jiki

Malam Kabiru ya yi bayani, sai dai akwai abin da zan ƙara, don man kirki ma in ba a iya shafa shi ba sai a ce bai yi ba.

Glycerin ruwa yake nema. A damina yana samu a iska. A hunturu iskar ta bushe ƙamas, in kin shafa shi a busasshiyar fata babu murfi a kai, amfaninsa kaɗan ne, sai dai danƙo. Saboda haka da kin fito wanka, ki ɗan dangwale jiki da tawul, kada ki goge tas, ki shafa man tun da sauran danshi, kafin minti uku. Wuraren da suka fi bushewa, ƙwauri da gwiwa da bayan hannu, ki bi su da basilin ko man kaɗanya a sama. Kaushi da faso kuwa wannan man bai isa ba, ki nemi mai Urea. Kashi 5 zuwa 10 na laushi ne, kashi 20 zuwa sama shi ke cin kaushin dunduniya. A shafa da dare a sa safa. In fason ya tsage har yana jini zai yi zafi, a fara da basilin sai ya haɗe.

Sannan sabulu. Fatarmu na da ɗan tsami, a ma'aunin tsami da ake kira pH tana wajen 5 ne, sabulun salo da sabulun wanki kuwa suna kaiwa 9 zuwa 10. Ga ruwan zafi ƙwal, ga soso mai kaushi. Rabin ƙaiƙayin hunturu daga banɗaki yake fitowa.

Batun tabo kuwa: Niacinamide sinadari ne mai rage tabo, amma ban yarda wanda ke man farko zai wadatar da tabon fuskarki ba. Yana dab da Phenoxyethanol, ba a kuma faɗi adadinsa ba. Ki bar wannan man wa jiki. Fuska ki nemi wanda aka rubuta adadi ƙarara, Niacinamide kashi 4 ko 5, ko Azelaic Acid kashi 10. Kada ki ruɗu da masu lamba babba, yawansa na kawo ja da raɗaɗi. Idan ƙurajen na ci gaba da fitowa, su za a fara tarewa, don kowane ƙurji sabon tabo ne: Salicylic Acid kashi 2, ko Benzoyl Peroxide kashi 2.5, wanda ke aiki kusan kamar na kashi 10 ba tare da ƙona fuska ba. Shi dai yana cinye launin mayafi da rigar filo, a kula.

Abu ɗaya za ki fara, ba uku a tare ba. Ki gwada kaɗan a lanƙwasar gwiwar hannu safe da yamma har mako guda. Sakamako kuma sai mako 8 zuwa 12.

Dakta_Fata

Hajiya, na ukun nan shi ya sa na tsoma baki. Fata na ɗaukar kusan mako huɗu kafin ta sabunta. Duk man da ya haskaka mutum a kwana 7, a tambayi abin da ke ciki. Galibi ɗayan uku ne.

Na ɗaya, sitiroyid mai ƙarfi irin Clobetasol ko Betamethasone, wanda ake matsowa daga ƙaramin tub na kemis a juye cikin mai. Magani ne na cutar fata, na ɗan lokaci, a ƙarƙashin kulawar likita. Yana tsuke jijiyoyin jini, shi ya sa ake ganin haske nan da nan. Bayan watanni fata ta yi siriri, koren jijiyoyi su bayyana, nankarwa mai faɗi ta tsaga hammata da cinya, ƙuraje da makero su samu wurin zama, rauni ya daina saurin warkewa. Jiki na tsotsarsa, yana iya tada suga da hawan jini. Wadda ta daɗe tana shafawa kada ta yanke rana ɗaya, fuska za ta yi ja ta kumbura. Ta je asibiti a rage mata a hankali.

Na biyu, Hydroquinone. Likitoci na ba da kashi 4 don tabo, a kan tabon kaɗai, na 'yan watanni, sai a tsaya. Shafa shi a jiki duka shekara da shekaru shi ke kawo baƙin nan mai shuɗi-shuɗi a saman kumatu, wanda da ƙyar yake gyaruwa. Tarayyar Turai ta hana shi a kayan shafa tun 2001, Ghana ta bi sahu a 2016.

Na uku, sinadarin makuri, wanda kan ɓoye da sunan Calomel ko Mercurous Chloride, in ma an rubuta. Yana lalata ƙoda da jijiyoyi, yana kuma isa ga jariri ta ciki da ta nono.

Kalmar "oganik" a bakin mai sayarwa ba shaida ba ce. Abin da babu jerin sinadarai, babu sunan wanda ya yi, babu lambar NAFDAC, babu ranar ƙarewa, ba a ma sa shi a layin kwatance.

Wani abu da ba a ambata ba: man kariyar rana. Baƙar fata ma na buƙatarsa, musamman mai tabo, don rana ce ke ƙara masa duhu. SPF ita ce lambar ƙarfin kariya da ake rubutawa a jikinsa: SPF 30 na tare kusan kashi 97 cikin 100 na hasken da ke ƙona fata, SPF 50 kusan 98, bambancin bai kai yadda kuɗinsu ya bambanta ba. Adadin shafawa ya fi muhimmanci: tsawon yatsu biyu don fuska da wuya. Mai Zinc Oxide kan bar toka-toka a fatarmu, ki gwada a bayan hannu kafin ki biya. Alwala na wanke shi, in za ki fita bayan azahar sai ki sake.

Maman_Ilham

Allah Ya saka da alheri, na ukun na fasa. Ƙanwata na da juna biyu, ita ma tabon ke damunta. Za ta iya amfani da irin nawa?

Dakta_Fata

Man farkon ba matsala, Niacinamide da Azelaic Acid da man kariyar rana ma haka. Ta guji duk mai Retinol, Tretinoin ko Adapalene, da Hydroquinone, har ta sauka. Idan duhun ya shimfiɗu ne a goshi da kumatu biyu tun da cikin ya shiga, ba tabon ƙuraje ba ne, na ciki ne, sau da yawa yana raguwa da kansa bayan haihuwa. Ta tafi da kwalaben ranar awo ta nuna.