Wane injin zuƙe ƙura ya dace da ƙaramin shagon kafinta na cikin gida?

Sabon Kafinta:

Assalamu alaikum, manyanmu. Shawara nake nema a kan ƙurar katako. Shagon gareji ne a cikin gida, tsawo mita 6, faɗi mita 4, tsayi mita 3, ƙofa ɗaya da taga ɗaya, kuma bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin yara. Kayan aikin su ne zarton tebur mai inci 10, ƙaramar filena mai inci 13, rawuta, da injin sanfefa na hannu. Yawancin aikin na MDF ne (allon garin katako da aka matse da gam) da filawud, sai jefi-jefi madaci da iroko. In babu wuta, janareta ne mai 3.5 kVA.

Bakyum zai wadatar, ko sai babban injin nan mai buhu biyu? Fayif ɗin PVC na masu gyaran famfo zai yi bututu? Sannan mazurarin nan da ake ɗorawa a kan durom, wanda ake kira saikulon, dole ne a saya? Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan Iska:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, injinan nan biyu kowa da aikinsa, kuma da kayan da ka lissafa duka biyun za ka bukata.

Bakyum yana da ƙarfin zuƙa sosai, amma iskar da yake ja kaɗan ce, kamar kubik mita 150 zuwa 250 a awa. Shi ya dace da siririn tiyo mai milimita 27 zuwa 36, wato bakin injin sanfefa da na rawuta. Shi kuwa mai buhu iska mai yawa yake ja, sai dai ƙarfin zuƙarsa kusan kashi ɗaya cikin goma na bakyum ne. Ka matse shi cikin siririn tiyo, sai ya shaƙe. Ka haɗa bakyum da filena, tiyon zai toshe da sassaƙe kafin ka gama falanki biyu.

Ga lissafin bututu. Kafin gari da sassaƙe su tafi ba tare da sun kwanta a hanya ba, sai iska tana gudun mita 20 a sakan ko kusa da haka. Bututu mai inci 4 yana bukatar kubik mita 565 a awa kafin ya kai wannan gudun, mai inci 5 kamar 880, mai inci 6 kamar 1,270. Nan mutane ke yin kuskure: a ɗauki ƙaramin inji a shimfiɗa masa bututu mai inci 6 da tunanin zai ƙara ja, sai gudun iskar ya faɗi, gari ya kwanta, bututun ya cika sannu a hankali. Kuma adadin da ke jikin kwali an auna shi ne babu bututu babu buhu. Ka ɗauki rabinsa ka yi lissafi da shi.

PVC yana yi. Na masu famfo mai inci 4 faɗinsa na waje milimita 110 ne, bakin inji kuwa yawanci 100, saboda haka sai da mahaɗi mai ragewa. Kada ka sa gam a mahaɗai, ka naɗe su da tef, don ranar da ya toshe ka iya zarewa. A wurin kwana ka haɗa elbo biyu masu digiri 45 maimakon ɗaya mai 90. Reshe ya shigo a karkace kamar harafin Y, ban da T. Kowane reshe da marufinsa, ɗaya kawai a buɗe a lokaci guda. Tiyo mai lanƙwasa kuwa kowace mita ɗaya tasa tana cin iska kamar mita uku na fayif mai santsi.

Zarton tebur sai an yi masa gyara. Ka rufe ƙasansa da filawud, ka sa baki mai inci 4 a can ƙasa, amma ka bar ƙofofin shigar iska da jimlar faɗinsu ya kai na bakin, don in ka toshe ko'ina babu iskar da za ta ɗauki garin. Rabin masifar kuma daga sama take, inda haƙoran zarto ke watso gari zuwa ƙirjinka. Murfin zarto mai baki, a haɗe da bakyum, shi ke kama wannan.

Baban Shago:

Injiniya ya gama da bututu. Ni zan tsaya a kan abin da ya fi damuna, tunda ka ambaci ɗakin yara.

Sassaƙen da ke tarawa a ƙasa ba ya shiga huhun kowa. Ƙurar da ke yin illa ita ce wadda girmanta bai kai maikiron 10 ba (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), alhali kaurin silin gashin kai kamar maikiron 70 ne. Ido ba ya ganinta, kuma takan daɗe tana shawagi bayan an kashe inji. Tun 1995 hukumar IARC, ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta sa ƙurar katako a jerin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, musamman na cikin hanci. Iroko da obeche an san su da jawo asma, iroko har da ƙaiƙayin fata. MDF kuwa gari ne da aka daskarar da gam, in ka yanka shi gari yake komawa.

Mu auna da shagonka. A Birtaniya iyakar da doka ta sa wa ƙurar katako mai tauri ita ce miligiram 3 a kowace kubik mita ta iska, a matsakaicin awa 8 na aiki. Shagonka kubik mita 72 ne, wato miligiram 216 ke nan, kusan kashi ɗaya cikin biyar na giram. To, yankan mita ɗaya a MDF mai kaurin milimita 18, da zarto mai cin milimita 3, yana fitar da gari kamar giram 40. Ko kashi ɗaya cikin ɗari ya kuɓuce ya tashi sama, miligiram 400 ke nan. Daga yanka ɗaya fa.

Shi ya sa buhun da ke zuwa da injina masu araha ba na yarda da shi. Da yawansu maikiron 30 suke tarewa. Manyan su zauna a buhu, ƙananan su fita ta saƙar yadin, injin ya rarraba su ko'ina a ɗakin. Mafita biyu ce. Ko ka cire buhun sama ka sa filta mai naɗi ta maikiron 1, ko ka fitar da injin waje. A ƙasarmu ta biyun ta fi sauƙi. Turawa suna gudunta ne saboda tana kwashe musu ɗumin ɗaki a lokacin sanyi, mu kuwa wane ɗumi muke tattali? Ka huda bango, ka wuce da fayif, ka yi wa injin 'yar rumfar kwano da ruwa ba zai taɓa shi ba. Mafitar iskar kada ta kalli tagar yara ko ta maƙwabta.

Sai dai ka kula da wannan sosai: iskar da inji ya fitar, wata za ta shigo ta maye gurbinta. Ka bar taga a buɗe, kuma janareta kada ya zauna ta ɓangarenta, don hayaƙinsa za a janyo ciki, kuma gubar da ke cikinsa ba ta da wari.

Takunkumi ya zama FFP2 aƙalla (alamar ƙarfin tace ƙura ce da ake rubutawa a jikinsa), FFP3 ga MDF da aikin sanfefa. Hankici da takunkumin yadi ba sa tare wannan ƙurar. Mai gemu ya sani cewa gashi yana hana takunkumi manne wa fata, iska ta bi ta gefe. Nasa shi ne hular nan mai rufe fuska duka, mai ƙaramar fanka da batir. Tana da tsada, don haka kafin a same ta a ƙara ƙoƙari wajen kama ƙurar tun daga bakin inji.

In kana son ganin gaskiyar shagonka, rufe ƙofa da daddare, kashe fitila, haska tocila mai ƙarfi ta gefen zarto bayan yanka. Duk inda ka ga hasken ya yi hazo, nan ne ake ɓarin.

Sabon Kafinta:

Na gode ƙwarai, Baba, Allah Ya ƙara girma. Wajen da za a sa injin akwai. Saura batun wuta. An nuna min mai ƙarfin doki 2 ɗan kwatano daga Amurka, wani mai walda kuma ya ce zai haɗa min na gida. Wanne janaretan zai ɗauka?

Mai Gyaran Moto:

Malam, mai doki 2 ka bar shi. Janareta mai 3.5 kVA abin da yake bayarwa a tsaye kamar kilowat 2.8 ne. Ƙaramar filena tana cin kusan 1.8, mai doki 2 yana cin 1.5, ka ga sun wuce. Kuma irin wannan moton wajen tashi yana jan ninki 5 zuwa 7 na wutar da yake ci in ya daidaita. Mai doki 1, wato kilowat 0.75, shi ne daidai kai. Ka fara tada shi, ya daidaita, sannan ka kunna filena. In ka juya tsarin, wutar za ta faɗi, moton ya tsaya yana gurnani, daga nan sai kafasita ko kwayil ya ƙone.

Na Amurka kuma ka karanta farantin da ke jikin moton. Da yawa na bolt 120 ne, mu 230 muke. Ko na 240 ne, an yi shi don wuta mai zagaye 60 a sakan, tamu 50 ce. Farfelar da ke juyawa 3,450 a minti can, a nan kamar 2,850 za ta yi. Iskar ta ragu da kashi 17 cikin ɗari, ƙarfin zuƙa ya ragu da kusan kashi 30, moton kuma yakan fi yin zafi.

Na mai walda yana yiwuwa in ya iya. Farfelar ta zama ta ƙarfe mai miƙaƙƙun fukafukai, don mai lanƙwasa gaba irin ta fankar AC gari ke maƙale mata. Dole a daidaita nauyinta: a sa ta a sanda ta juya da kanta, in kullum gefe ɗaya ke komawa ƙasa, a rage shi da giranda har ta riƙa tsayawa ko'ina. In ba haka ba, jijjiga za ta cinye boris cikin 'yan watanni, walda ta tsage. Kada a gwada shi baki buɗe babu bututu na tsawon lokaci. Irin wannan farfelar ta fi jan wuta ne lokacin da iska ta fi wucewa, nan kwayil ke ƙonewa. A sa mita a waya, a tabbatar abin da yake ja bai wuce na jikin farantin ba.

Da mai doki 1, ka manta da dogon layi mai rassa. Fayif ɗaya ta bango, tiyon da bai wuce mita 2 ba, ka riƙa matso da injin da za ka yi aiki da shi.

Oga Mai Kabad:

Saura tambayar mazurari, kuma amsata kashi biyu ce.

Ga bakyum, ka sa. Filtar bakyum ƙarama ce, garin MDF yana like ta cikin mintoci, ja ya mutu. Ƙaramin saikulon irin Dust Deputy a kan bokitin fenti mai lita 20 yana sauke mafi yawan garin kafin ya kai filta. Abu biyu ke ɓata shi. Na farko, in bakin tiyo ya toshe, bokitin roba yana lotsewa ciki. Ka yanko zoben filawud ka cusa a tsakiyarsa, ko ka zura shi cikin wani bokitin. Na biyu, zubar iska a murfi. Ko 'yar ƙofa ce, iskar da ke shigowa ta nan za ta ɗaga garin ta kai shi filta. Ka yanka tsohon tub ɗin babur ka zagaye bakin. Bakyum ɗin kansa ka nemi mai alamar M, wato ajin da ya dace da ƙurar katako, ko mai filtar HEPA, wadda ke tare ƙura mai laushi sosai.

Ga mai doki 1 kuwa ban goyi baya ba. Duk abin da ka sa a gaban inji yana cin iska, shi kuma da kyar yake kai 565 ɗin da Injiniya ya faɗa. Tunda waje zai zauna, buhunsa ya isa. In filena ta dame ka da cika buhu, akwai hanya mai araha, faifan da J. Phil Thien ya ƙirƙiro: faifan filawud a cikin durom, ƙasa da murfi, da tsaga mai faɗin kamar santimita 3 a gefensa wadda ta zagaye digiri 240. Iska ta shigo a karkace tana bin bango, gari ya faɗa ta tsagar, faifan ya hana shi tasowa. Shi ma yana rage ja, sai ka gwada da shi da babu shi.

Da hunturu PVC zai riƙa tsikarinka in ka taɓa, saboda bushewar iska. Naɗa masa wayar tagulla a waje ka kai ta ƙasa, yana ragewa. Gobara kuwa yawanci daga tartsatsi take: ƙusa ta bugi farfela, ko a yi giranda kusa da bakin tiyo. Wuta takan kama a tsakiyar gari tana ci a hankali har dare. Kada ka zuƙe sharar ƙasa da babban inji sai ka bi ta da maganaɗisu, kuma a juye buhu da durom kafin a kulle shago. Da damina gari yana shan danshi ya daskare a jikin buhu, sai an kakkaɓe shi a waje.

Tsintsiya, kwamfireso da fankar sama duk tayar da ƙura suke yi. Shara da bakyum, ko a yayyafa ruwa tukuna. Fankar bango mai fitar da iska, wadda ke jan kubik mita 450 zuwa 700 a awa, za ta sauya iskar ɗakinka sau 6 zuwa 10 a awa. Ka bar ta tana aiki rabin awa bayan ka tashi, kuma rigar aiki ta kwana a shago, kada ta shiga wurin yara.

Masu kaji da masu murhun gari za su zo nema. Sassaƙen filena na tsantsar katako za ka iya ba su. Garin MDF, na filawud, da na katakon da aka yi wa maganin gara, ka ware masa buhu dabam, kada ya je ƙarƙashin kaji ko tukunya.