MRI da aikin hanta: wace kalma za mu tsayar da Hausa?

Mai fassara:
Salamu alaikum. Ina shirya bayani na rediyo kan yadda masana ke bin diddigin aikin hanta da na'urar MRI, sai kalmomi biyu suka tsaya mini: "magnetic resonance" da "metabolism". A asibiti "sikanin" ake cewa, amma wanda ake yi wa mai juna biyu ma sunansa ke nan, alhali hanyarsu ba ɗaya ba ce. A taimaka mini.

Ma'aikacin ɗakin hoto:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ni "hoton maganaɗisu" nake gaya wa marasa lafiya, kuma suna ganewa nan take, domin kafin mutum ya shiga sai ya cire mukulli da waya da ɗan kunne da duk wani ƙarfe. Yana kwanciya ne a cikin ƙaton maganaɗisu mai ƙarfin Tesla 1.5 ko 3. Ƙwayoyin haidurojin da ke cikin ruwa da kitsen jikinsa sai su bi layin maganaɗisun. Daga nan a aika musu igiyar rediyo daidai da mitarsu, kusan megahaz 64 a Tesla 1.5, kusan 128 a Tesla 3. Su karɓa, su maido, na'ura ta kama abin da ya dawo.

Sai dai abin da kike fassarawa ya wuce hoto. Akwai MRS, wani aiki da ake yi da irin wannan na'ura, wanda zane yake fitarwa mai tudu-tudu: ga tudun ruwa, ga na kitse, kowanne da tsayinsa. Awo ne wannan, kalmar "hoto" ba za ta rufe shi ba.

Malamin Hausa:
To, karɓa da maidowar nan ita muke nema wa suna. Na ga wasu sun rubuta "amsa-amo". Ban yarda ba. Duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya san amsa-amo ƙafiyar waƙa ce, kalmar tana da mai ita. "Amsa-kuwwa" kuma lasifika za ta kawo wa mai sauraro a zuciya. Abin da ma'aikacin ɗakin hoto ya bayyana ya fi kama da garaya biyu da aka ɗaure tsirkiyarsu daidai: ka kaɗa ɗaya, ɗayar ta ɗauki rawa ba ka taɓa ta ba. Saboda haka na ce "amon maganaɗisu". MRI ya zama hoton amon maganaɗisu, a taƙaice hoton maganaɗisu. MRS ya zama awon amon maganaɗisu.

Ma'aikacin ɗakin hoto:
Allah gafarta Malam, ina da ja kaɗan. Na'urar tana da ƙara sosai, har toshe kunne muke ba mutane. In aka ce amo, za su ɗauka bugun nan ake nufi, shi kuwa daga wayoyin cikin na'urar yake fitowa. Wanda muke aunawa kunne ba ya jinsa.

Malamin Hausa:
Gaskiyarka. Amma jimla ɗaya ta isa ta warware wannan a farkon shiri. Turawan ma sun yi gyara irin wannan: asalin sunan yana ɗauke da kalmar nukiliya, asibitoci suka sauke ta don tana firgita mutane, ga shi babu tururin nukiliya a cikin aikin ko kaɗan.

Likita:
Na goyi bayan amon maganaɗisu. Ni damuwata kalma ta biyu ce, wato "metabolism". Don Allah kada a ce "narkewar abinci". Narkewa aikin ciki da hanji ne. Hanta kuwa tana karɓar abin da ya riga ya narke, ta ajiye sukari, ta sake shi in jini ya buƙata, ta ƙera sabo in ajiya ta yi ƙasa, ta juya kitse. Wannan "sarrafawa" ce.

Ku duba abin da awon ya gano. A 1991, Douglas Rothman da Gerald Shulman da abokan aikinsu a Jami'ar Yale ta Amurka sun bi amon kabon-13, wani nau'in sinadarin kabon wanda bai wuce kashi 1.1 cikin ɗari na kabon ba, suka auna ajiyar sukarin hantar mutane masu lafiya da suka yi awa 68 ba ci. Da ana zaton ajiyar ce ke riƙe mutum a yinin farko. Sai ga shi a awa 22 na farko, kusan kashi 64 cikin ɗari na sukarin da jiki ya fitar sabo ne aka ƙera. A 1992 suka nuna ƙerawar nan ta fi yawa ga masu ciwon sukari nau'i na biyu. Duk wannan ba a soka allura an gutsuro hantar kowa ba, abin da ya sa nake ganin hanyar da daraja ke nan. In kika ce "narkewa", mai ciwon sukari ba zai fahimci dalilin da sukarinsa ke hawa da asuba bai ci komai ba.

Mai fassara:
Na gode, Likita, na gode malamai. Ga yadda zan buɗe shirin: "Masana na amfani da awon amon maganaɗisu, wato MRS, don gano yadda hanta ke sarrafa sukari da kitse." Saura "glycogen". Na rubuta "ajiyar sukari" yadda Likita ya faɗa, in da mai ja ya yi magana kafin mu shiga ɗauka.